Gwajin ɓargo: yadda ake rage wa majinyaci zafi

A shafinmu na wannan karo za mu yi magana kan wani gwaji wanda sunansa kaɗai ke sa gaban mutum ya faɗi. Shi ne gwajin ɓargo.

Likita ya dubi majinyaci ya ce: "Za mu ɗebi ɓargonka kaɗan mu duba." Daga jin haka, sai majinyaci ya ce bari ya je gida ya yi shawara da ƴan uwa. Ya tafi ke nan. Ba a sake ganinsa sai ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa, aka kawo shi kwance bisa amalanke. Tsoro ne ya kore shi, kuma tsoron yana da dalili, domin gwajin yana da zafi. Duk wanda ya ce maka babu zafi ko kaɗan, bai gaya maka gaskiya ba. Amma likitoci sun san inda zafin yake fitowa, sun san tsawon lokacinsa, kuma suna da dabarun rage shi. Wasu dabarun na hannun likita, wasu na hannun majinyaci da mai jinyarsa. Ya kamata kowa ya san su tun bai shiga ɗakin gwaji ba.

Me ake nema cikin ɓargo?

Kowa ya taɓa ganin mahauci yana fasa ƙashi. Cikin dogon ƙashin ƙafar sa akwai ɓargo mai maiƙo, wanda yara ke so su tsotsa. Cikin haƙarƙari da ƙashin ƙirji kuwa akwai wani ja, mai kama da soso. Haka jikin ɗan Adam yake. Jan ɓargon nan shi ne gonar jini. A nan ake haifar jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina cikin jiki, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu tsayar da jini idan mutum ya ji rauni. Jar ƙwaya ɗaya tana rayuwa kwana 120, sannan ta mutu. Saboda haka ɓargo ba ya hutu. Cikin kowace daƙiƙa yana ƙera jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2.

Idan hatsi ya yi ƙaranci a kasuwa, mai hankali yakan tambayi dalili. Wataƙila ɓarayi ne suka tare hanya, wataƙila kuma gona ce ba ta yi ba. Haka likita yake yi da jini. Yawancin ƙarancin jini a ƙasarmu daga masassarar cizon sauro yake, ko tsutsar ciki, ko tsargiya, ko rashin abinci mai gina jini, ko haihuwa kusa da kusa, ko amosanin jini. Waɗannan duka ana gane su da gwajin jini, fitsari ko bayan gida. Ba su bukatar a taɓa ƙashi. Kada wanda aka ce ba shi da jini ya zaci ɓargonsa za a ɗiba.

Sai jini ya ƙi tsayawa duk da magani, an ƙara wa mutum jini ya sake ƙarewa, ko fararen ƙwayoyi sun yi yawa fiye da kima, ko saifa da kaluluwa sun kumbura, ko zazzaɓi ya daɗe ba a gane kansa ba, sannan likita ke cewa a je a duba gonar da kanta. Da wannan gwaji ake tabbatar da ciwon dajin jini da wasu cututtukan ɓargo. Ana yin sa a manyan asibitoci, irin babban asibitin ƙasa na Yamai inda akwai sashen cututtukan jini. Majo na gidan likitan gari ba ya yin sa, sai dai ya rubuta takarda ya tura mutum gaba.

Gwajin iri biyu ne. Na farko, a tsotsi ruwan ɓargo da allura, a shafa bisa gilashi, a duba da madubin likita. Likitoci na kiransa miyelogaram. Wani likitan Rasha, Mikhail Arinkin, shi ya fito da wannan hanya a 1927. Kafin nan sai an yanka fata an fasa ƙashi kamar aikin tiyata. Na biyu, a ciro wani ɗan siririn yanki na ƙashi tare da ɓargonsa, tsawonsa wajen santimita 2, kaurinsa kamar tsinken ashana. Shi ake kira biyopsi. Allurar da aka fi yin sa da ita tana ɗauke da sunan Khosrow Jamshidi, likita ɗan ƙasar Iran da ya yi aiki a Amurka, wanda ya fito da ita a 1971. Ruwan ɓargo ana ɗibarsa a ƙashin ƙirji ko a ƙashin ƙugu. Yankin ƙashi kuwa a ƙugu kaɗai ake ciro shi, ta baya, can gefe inda ɗaurin zane ko mazagin wando ke wucewa.

Tsoro biyu da ba su da tushe

Mutanenmu da yawa suna haɗa wannan gwaji da ɗibar ruwan ƙashin baya, wadda suka sani tun annobar sanƙarau ta 1995 da waɗanda suka biyo bayanta. Ba ɗaya ba ne. A gwajin sanƙarau, allura tana shiga tsakanin ƙasusuwan gadon baya. A gwajin ɓargo, tana shiga ƙashin ƙugu ne, nesa da laka. Ba ta shanye ƙafa, ba ta hana tafiya, ba ta hana haihuwa.

Na biyu, mun saba cewa ƙarfin mutum cikin ɓargonsa yake. Sai magidanci ya yi tunani: in aka ɗebe mini shi, da me zan riƙe hauya bana? To, babban mutum yana ɗauke da ɓargo fiye da kilo 2 cikin jikinsa. Abin da ake tsotsa don shafawa bisa gilashi bai cika cokalin shayi ba. Ko an bukaci ƙari don wasu gwaje-gwaje, cokali kaɗan ne. Jiki yana mayar da shi da kansa, kamar yadda rijiya ke mayar da guga ɗaya.

Ina zafin yake?

Wuri uku ne. Na farko fata, lokacin da allura ta huda ta. Na biyu wani tantani siriri da ke lulluɓe da ƙashi. Shi ne ke sa ka ga wuta idan ƙwaurinka ya bugi turmi cikin duhu. Jijiyoyin jin zafi sun yi yawa cikinsa ƙwarai. Na uku cikin ɓargon, lokacin da likita ya ja sirinji. Nan mutum yakan ji wani irin fizga, wani lokaci har ta sauka ƙafa.

Biyun farko ana iya kashe su kusan gaba ɗaya. Na uku magani ba ya kai wa gare shi sosai, domin cikin ƙashi yake. Sai dai daƙiƙoƙi kaɗan ne, bai kai a ƙirga ashirin ba. Wanda aka gaya wa tun farko, ya jira shi, yakan ɗauke shi da sauƙi. Wanda ya zo masa ba zato, shi ne ke zabura. Aikin duka, daga kwanciya zuwa ɗaure wuri, yakan ɗauki minti 15 zuwa 30.

Allurar kashe wuri

Ita ce uwar dabarun duka. Sunan maganin lidokayin, a kwalba kuma sau da yawa za a ga an rubuta Xylocaine. An haɗa shi a ƙasar Suwidin a 1943. Shi ne masu cire haƙori da masu ɗinke rauni ke aiki da shi. Ba shi da tsada, kuma yana cikin jerin magungunan da hukumar lafiya ta duniya ta ce bai kamata a rasa su a asibiti ba.

Amma samun magani daban, iya sa shi daban. Likitan da ya ƙware yakan fara da ƴar siririyar allura ya kashe fata. Sannan ya sa mai tsawo, ya tura ta har ta taɓa ƙashi, ya zuba maganin bisa tantanin nan. Ba ya zuba shi wuri ɗaya tak. Yana zagayawa da shi, ya shayar da fili kamar faɗin kwabo, domin babbar allura in ta zo kada ta sauka inda magani bai kai ba.

Sai jira. A ganina nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Maganin yana bukatar minti 3 zuwa 5 kafin ya kama. Asibiti cike yake, layi ya yi tsawo, ma'aikaci na sauri. In aka soma aiki da magani bai kama ba, kamar an yi shuka ne ƙasa ba ta jiƙa ba: an kashe iri, ba a sami amfani ba.

Na taɓa raka wani dattijo wannan gwaji. Bayan an yi masa allurar kashe wuri, likitan ya dubi agogo, ya shiga tambayarsa labarin damina da farashin wake. Da minti 5 suka cika, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙashin da bakin allura, ya ce: "Baba, me kuke ji? Kaifi ko nauyi?" Dattijo ya ce: "Ɗana, akwai sauran kaifi ta wannan gefe." Likita ya ƙara magani, ya sake jira. Da aka gama, dattijon ya ce cizon kunama ya fi wannan sau goma.

A riƙe wannan tambaya da kyau. Nauyi da turawa ba su da makawa, za ka ji ana danna ƙashi, kana iya jin ana murza allura. Kaifi kuwa alama ce ta magani bai isa ba. In ka ji shi, ka faɗa nan take. Al'adarmu ta koya mana jarumta, namiji ba ya raki, mace mai kunya ba ta kuka ko wurin haihuwa. A ɗakin gwaji wannan jarumta cutar kai ce. Likita ba ya cikin jikinka, bakinka ne ke nuna masa hanya.

Shi kansa lidokayin yana da raɗaɗi lokacin shigarsa, domin ruwa ne mai tsami. Mata sun san yadda ɗan jiƙon kanwa ke kashe tsamin yakuwa. Haka wasu likitoci ke haɗa shi da ɗan ruwan bikarbonat na asibiti, sai raɗaɗin ya ragu. Bikarbonat ɗin nan tsabtatacce ne na cikin kwalba, ba kanwar kasuwa ba. Ɗumama kwalbar cikin tafin hannu da tura maganin sannu a hankali su ma suna taimako. Akwai kuma wani man shafawa mai suna EMLA, wanda ake sa wa fata a rufe awa 1 kafin aiki. Fata kaɗai yake kashewa, ba ya kai wa ƙashi, amma yana da amfani ga yara da masu tsoron allura.

A manyan asibitocin ƙasarmu, sau da yawa ƴan uwa ne ke sayo kayan aiki bisa takardar da likita ya rubuta. In kuɗi sun yi kaɗan, kada a ce a bar allurar kashe wuri. Gara a rage kuɗin tsaraba.

Lokacin tsotsa

Likita nagari yakan yi gargaɗi: "Yanzu zan ja, za ka ji fizga, mu ƙirga tare." Majinyaci ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi ta baki a hankali, kamar mai hura kunu. Jan sirinji sannu a hankali ya fi sauƙin zafi. Amma wani lokaci jan sauri ne ke fito da ɓargo mai kyau wanda jini bai gauraye shi ba. Wannan hukunci na likita ne. Gara fizga ɗaya mai ƙarfi da a ce gwaji bai yi ba, a dawo mako mai zuwa.

Maganin da babu a kanti

Masu bincike sun lura da abu guda a asibitoci dabam-dabam: wanda ya shiga da fargaba mai yawa ya fi jin zafi, haka ma wanda ya sha wuya a gwajin farko. Tsoro yana ɗaure nama, yana sa mutum motsi, aiki ya daɗe, zafi ya ƙaru. Shi ya sa gwajin farko ke da muhimmanci. Mai ciwon dajin jini ana iya maimaita masa shi sau da yawa don a ga ko magani na aiki. In na farko ya zama azaba, da wuya ya yarda da na biyu.

Maganin tsoro bayani ne, kuma cikin harshen da mutum yake ji. In likita da Faransanci yake magana, a nemi mai fassara, ba abin kunya ba ne. A tambaye shi: a ina za a ɗiba? Ruwa kaɗai ko har da yankin ƙashi? Wane magani za a sa mini don zafi? Zan iya shiga da ɗan uwana? In an yarda, mai jinya ya tsaya wajen kai, ya riƙe hannu, ya yi ta hira. Wasu sauraron rediyo ko waƙa a wayar salula ke ɗauke musu hankali, wasu addu'a. Kowa da abin da ke kwantar masa da rai.

Ga gwajin ƙugu, mutum yana kwanciya ne rub da ciki, ko bisa gefe ya naɗe gwiwoyi. Ba ya ganin allura, wannan ma sauƙi ne. Ga na ƙirji, yana kwance rigingine, komai a gabansa ake yi. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya roƙa a yi masa a ƙugu, ko ya kawar da kai ya rufe ido. Mata kuma su sani wuri kaɗan ne ake buɗewa, sauran jiki a rufe yake, kuma suna iya neman ma'aikaciya mace ta tsaya kusa da su.

Iska, barci da na'ura

A Faransa da wasu ƙasashe, ana ba majinyaci wata iska ya shaƙa ta abin rufe hanci da baki. Sunanta MEOPA. Rabinta iskar numfashi ce, rabi kuma iska mai rage zafi da fargaba. Ana fara shaƙarta minti 3 kafin aiki. Mutum ba ya barci, yana ji yana amsawa, kuma in an cire ta, cikin mintoci kaɗan ya wartsake. Akwai kuma wata na'ura mai batir da ke huda ƙashi cikin sauri maimakon murzawa da hannu, tana rage tsawon aiki. Waɗannan biyu ba kowane asibiti ke da su ba, kuma na'urar tana da tsada. Tambaya dai ba laifi ba ce.

Likita yana iya ba da ƙwayar rage zafi ko ta kwantar da hankali kafin aiki. Shi zai zaɓa, shi zai faɗi adadi. A nan dole mu ja kunne. Kada wani ya tsaya wurin masu tallar magani a bakin tasha ya sayi taramol ya haɗiya don ya yi ƙarfin hali. Ba ka san ƙarfin ƙwayar ba, likita bai san ka sha ba. In ya ƙara maka nasa bisa naka, numfashi na iya tsayawa.

Yara ƙanana

Yaro ba a yi masa lissafin babba. Ba ya gane dalili, abin da ya sani kawai an danne shi an soke shi. Ƙarti huɗu su taushe yaro yana ihu, wannan hanya ce da ya kamata a bari duk inda akwai wata. A asibitocin da ke da ma'aikacin sa barci, ana ba yaro maganin barci na ɗan lokaci, irin su ketamin, a gama aiki bai sani ba. In haka za a yi, za a ce kada ya ci abinci na wasu awoyi, yawanci 6. Uwa ta kiyaye wannan sosai. Kada tausayi ya sa ta ba shi fura a ɓoye, domin in ya yi amai cikin barci, aman na iya shiga huhu.

Yaron da ya yi wayo kuma, kada a ruɗe shi da cewa alewa za a saya masa. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Ƙananan yara ba a ɗibar musu a ƙirji, ƙashin ya yi siriri. A ƙugu ake yi, jarirai kuwa wani lokaci a ƙwauri.

Kafin a shiga, da bayan an fito

A gaya wa likita duk maganin da ake sha, na asibiti da na gargajiya, musamman asfirin da magungunan tsinka jini. A faɗa masa in jini yakan daɗe bai tsaya ba bayan rauni, kaciya, cire haƙori ko haihuwa. A faɗa in allurar kashe wuri ta taɓa sa ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi. Mai juna biyu ta sanar. Babban mutum da ba za a sa barci ba yana iya karya kumallo, sai in likita ya hana.

Bayan an cire allura, za a danne wurin da auduga na wasu mintoci, a manna filasta. Wanda aka ɗiba a ƙugu ya kwanta rigingine minti 10 zuwa 15, nauyin jikinsa ya taimaka wajen tsayar da jini. Kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan kwana ɗaya. Kada a shafa toka, ƙasa, man shanu ko garin magani. In maganin kashe wuri ya sake, za a ji tsami kamar na wanda ya faɗi bisa dutse, kwana biyu ko uku, wani har mako. Farasitamol ya isa. A guji asfirin, yana hana jini tsayawa. A ɗaga wa noma, daka, jan ruwa da hawan babur ƙafa na kwana biyu.

In jini ya jiƙa filasta ya ƙi tsayawa bayan an danne, ko wurin ya kumbura ya yi ja, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya taso, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, a koma asibiti ba tare da jiran gobe ba. Irin wannan ba ya faruwa da yawa.

Sakamakon ruwan ɓargo yakan fito cikin kwanaki kaɗan. Na yankin ƙashi ya fi daɗewa, mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, domin sai an tausasa ƙashin kafin a yanka shi siriri a duba. Wanda ya zo daga nesa, daga ƙauyukan Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya tambayi ranar dawowa tun bai bar ɗakin ba, ya sa a rubuta masa ita bisa takarda, ya bar lambar wayar da za a same shi.